Saura Mako 12 Gasa, Teɓa Ta Ƙi Tafiya

Ɗan Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. An sa ranar gasar gina jiki, saura mako 12. Kilo 82 nake yi, ƙirji da dantse ba laifi, amma teɓa ta ƙi tafiya, tsokar ciki ta ƙi fitowa. Ta ina zan fara?

Baban Ummi: Ta kwanon tuwo.

Na Fagge: Wallahi Baba ka gama magana 😂

Koci: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara sayen sikeli biyu, na hawa da ƙaramin na awon abinci. Kullum da safe ka hau, bayan ka zaga, kafin ka sa komai a baki, ka rubuta. Kada ka damu da awon rana ɗaya, ruwa da gishiri suna wasa da shi. Na mako za ka haɗa ka raba bakwai. A nauyinka, abin da ake so ka riƙa saukewa a mako giram 400 zuwa 800 ne. Ya haura haka, to ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsokar da ka sha wuya a kanta. Idan kuma mako biyu sikeli bai motsa ba, rage ludayi ɗaya na shinkafa ko ka ƙara tafiyar minti 20. Ɗaya za ka taɓa, ba duka biyun ba, don ka san wanne ya yi aiki.
Furotin kuwa, sinadarin gina jiki da ke cikin abinci, giram 2 ga kowane kilo naka, wato wajen 160 a rana, a raba ci huɗu. Ƙwai ɗaya yana ba da giram 6. Dafaffen ƙirjin kaza giram 200 yana ba da kusan 60. Sauran ka cike da kifi, wake da kindirmo marar sukari.

Na Fagge: Awara fa? Kazar nan ba kowa ke iya ta kullum ba.

Koci: Awara ta yi, amma kafin a soya. Karɓo ɗanyarta wajen mai yi ka gasa ko ka jefa a miya. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne, ita kuma awara shan mai take kamar soso. Mai shi ne ɓarawon da ba a gani: mutum zai rantse ya rage abinci, ga garau-garau nan tana iyo a ciki.

Sarkin Tsire: Kilishi ai nama ne zalla, ku bar wahalar da yaro.

Baban Ummi: Zalla ina? Tunkuzar da aka laɓe shi da ita fa, da gishirin? Kai dai kare sana'arka kake.

Sarkin Tsire: Baba ni da kai har abada ba ma shiri.

Malam Habu: Wani kuskuren da ake yawan yi, da an fara rage ci sai a ajiye ƙarfe mai nauyi a koma ɗaga ƙarami sau 30, wai ana yanka jiki, wato ƙona kitse tsoka ta fito fili. Nauyin shi ke sa jiki ya riƙe tsokarsa. Ka tsaya kan abin da kake ɗagawa yanzu: zubi uku ko huɗu, kowane zubi ɗagawa 6 zuwa 10, hutun minti biyu a tsakani. Litinin da Alhamis ƙirji, baya da kafaɗa; Talata da Juma'a ƙafa, tsuguno da ƙarfe a wuya har cinya ta daidaita da ƙasa. Masu ƙarfen siminti da aka zuba a gwangwanin fenti, ku auna gefe biyun a sikeli, sau tari ɗaya ya fi ɗaya, ciwon kafaɗa daga nan yake farawa. Barci awa bakwai zuwa tara, a rage zaman majalisa.

Ɗan Auta: Na gode Malam. Wani ya ce min a makon ƙarshe in daina shan ruwa, in nemi ƙwayar sa fitsari.

Koci: Kul! Irin su Lasix ruwa suke kwasa su tafi da gishirin jinin da zuciya ke bugawa da shi. Farko jijiya ta ɗaure, sai jiri, sai bugun zuciya ya rikice. Mohammed Benaziza, ƙwararren ɗan gasar gina jiki ne a duniya, ya rasu a 1992 jim kaɗan bayan ya ci gasa a ƙasar Holan, kuma maganin fitsari aka danganta mutuwarsa da shi. Ita tsoka ma yawancinta ruwa ce, ka hana ta ruwa sai ta lotse, kitsen kuma yana nan inda yake. Makon ƙarshe ka sha ruwanka yadda ka saba, gishiri yadda ka saba, kwana biyu kafin gasa ka ɗan ƙara shinkafa ko dankali, kada ka ci abin da cikinka bai sani ba.

Malam Habu: Haka "sha ka fashe" da yara ke saya a kemis. Kumburi ne ba tsoka ba, fuska ta cika, dantse ya zube, sukari ya hau.

Na Fagge: Ba wanda ya yi maganar tsayuwa gaban alƙalai. Minti 15 kullum gaban madubi tun yanzu, ka matse jiki ka ƙirga 30 kana numfashi. Wanda bai saba ba rawar jiki yake kamawa a dandamali.

Baban Ummi: Ni fa tambayata ɗaya, da wannan ɗan kamfan za a hau?

Na Fagge: Akwai rukunin masu gajeren wando har gwiwa, Baba.

Baban Ummi: Har gwiwa ko saman gwiwa? Don akwai bambanci.

Sarkin Tsire: To fa, an koma karatun Ahalari. Ɗan Auta, in an gama gasar ka biyo ta teburina, tsinke goma kyauta.

Ɗan Auta: Koci, kindirmon da dare za a sha ko da safe?