Neman taimako: baƙar tawada ta ƙi fita daidai a firintata

Assalamu alaikum, iyayen gidana a sana'ar ɗab'i. Ina da ƙaramin shago a Terminus, nan Jos, inda nake buga hotuna da katin gayyatar biki. Na rufe shagon mako uku a tsakiyar hunturu, da na dawo sai na tarar fararen layuka suna ratsa fuskar amarya a duk hoton da na buga.

Kan firintar, sashen da ke fesa tawada a takarda, irin na fiyezo ne, fasahar da Epson ta shahara da ita, wato babu dafa tawada kamar yadda yawancin na Canon da HP suke yi. Wani siririn sinadari ne a bayan kowane ramin da tawada ke fita ta cikinsa yake lanƙwasawa idan lantarki ya shige shi, sai ya turo ɗigon tawada waje. Na wanke kan sau uku ta kwamfuta, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk sanda na buga gwajin ramuka, wato layukan da ke nuna ramin da ba ya fitar da tawada, sai giɓin da ke layukan baƙar tawadar ya canza wuri. A fahimtata, busasshiyar tawada wuri ɗaya take toshewa, shi ya sa nake zargin iska ce ta shiga tana shanye bugun sinadarin.

Wani makwabcina ya ce in ɗura ruwan wanki da sirinji, amma ina tsoron kada ƙarfin turawar ya fasa cikin kan, ga shi canza shi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Don Allah, ta yaya zan bambance iska da mutuwar fiyezon kansa, kuma in bar na'urar ta kwana kafin in sake wankewa?