Zuwa ABU Zariya a motar haya: a ina ake sauka?

Maman Zainab: Salamu alaikum. Ƙanena ya samu gurbin karatu a ABU, wato Jami'ar Ahmadu Bello, zai taso daga Kano da akwati da katifa. Waɗanda suka saba da hanyar nan, ku taimaka mana da shawara.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam Hajiya. Ya je tashar Unguwa Uku da sassafe, kafin bakwai in da hali, lokacin mota ke saurin cika. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya san "Zariya" a bakin direba ba Samaru ba ce, inda babbar harabar ABU take. Motar Kano a Kwangila take ajiye fasinja, ƙarƙashin gada. Daga nan sai ya hau ƙaramar bas ko keke mai bin hanyar Sakkwato, ya wuce Palladan da Zango, ya ce a sauke shi Main Gate. Ya duba takardar admishan ɗinsa tun daga gida: in lauya zai karanta ko harkar mulki, harabar Kongo ce makarantarsa, can wajen Tudun Wada. Sababbin ɗalibai da yawa sai sun kai kaya Samaru ake maido su, kuɗin keke biyu ke nan.

Malam Direba: Batun katifar nan, a yi cinikinta kafin a ɗaure ta. Kuɗin kaya daban yake da kuɗin kujera, kuma in aka riga aka ɗaure, abin da ɗan kamasho ya faɗa shi za a biya. In Sharon ce, ya guji kujerar can baya, don kaya ake cusawa har su tokare wuyan mutum. Gaba kuma mutum biyu ake sawa. A sa katifar a leda, ko damina ko rani. Igiya na yanka soso, ƙura kuma ba ta fita. Takardun makaranta kada su shiga but, su zauna a jakar da ke cinyarsa.

Sannan ya lura da motar da ta "kusa cika". Wani lokaci 'yan tasha ne zaune a ciki, suna fita ɗaya bayan ɗaya in fasinjan gaske ya zo. Ya dubi wanda ba shi da kaya ko leda a hannu.

Yaya Hadiza: Na ƙara don masu tasowa daga wasu wurare. Daga Kaduna, tashar Kawo, tafiyar kusan kilomita 80 ce ta Jaji. Mai zuwa Kongo ko cikin birni ya sauka Ɗan Magaji, mai zuwa Samaru ya zarce Kwangila. Wanda ya biyo jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa a Abuja, a Rigasa ta Kaduna zai sauka, kuma Rigasa da Kawo akwai tazara, sai ya sake shiga wata motar. Don haka jirgin safe ya fi. Na yamma dare zai yi masa a hanya.

Bafunte: Mu na Funtuwa da Gusau da Sakkwato mun huta. Motarmu ta Giwa da Shika take shigowa, tana bi ta ƙofar makarantar. Ka gaya wa direba tun a tasha, don a sa kayanka a sama-sama.

Ɗan Samaru: Hajiya, ya riƙe tsabar kuɗi 'yan canji. Masu keke ba duka ke karɓar tiransifa ba, kuma sabis kan ɗauke daidai lokacin biya. Makon komawa makaranta kuɗin mota na tashi, keke ma in ya ga katifa sai ya ce shata. Kada ya tsayar da motar bakin titi don rangwame, ta tasha ita ce aka san direbanta.

Maman Zainab: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Injiniya zai karanta, Samaru ke nan ko?

Ɗan Samaru: Samaru ce. Allah ya kawo shi lafiya.