Neman shawara: kaset ɗin LTO-8 suna cika da wuri a Bacula

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Muna da laburaren kaset mai ramuka 24 da diraif ɗaya na LTO-8 (nau'in kaset na adana bayanan kwamfuta), Bacula, manhajar ajiye kwafin bayanai, ke sarrafa shi a kan Linux. A kwalin kaset an rubuta 30 TB, amma mafi yawansu suna cika a wajen 12 TB. Biyu ma tun a 2 TB Bacula ya sa musu Full, wato alamar sun cika. Rubutun ma yana jan ƙafa, ga diraif ɗin yana ta kai da kawo da kaset. Bayanan ta netwok mai gudun gigabit 1 suke zuwa. Ina matsalar take?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Batun 12 TB ba matsala ba ne, shi ne ainihin cikin LTO-8. Wancan 30 TB lissafi ne na matse bayanai ninki 2.5, kuma bidiyo, hotuna, fayilolin zip da duk abin da aka kulle da sirri ba sa matsuwa. Ku yi lissafin sayen kaset a kan 12 TB. In kun kunna GZIP (matsewar da manhaja ke yi) a FileSet, sashen saitin Bacula mai jera fayilolin da za a ajiye, ku kashe, ku bar diraif ya matse da kansa.

Amsa ta biyu:
Malam ya yi daidai, amma kai da kawon nan ya fi damuna. Diraif ɗin yana son bayanai a gudun 300 zuwa 360 MB a daƙiƙa, gigabit 1 kuwa ko an matsa masa ba ya wuce 125. In bayanai suka yanke, sai ya tsaya, ya koma baya, ya sake tashi. Wannan gogar ce ke cinye kan diraif da kaset tare. Maganinsa a fara tara bayanan a faifan SSD na cikin sabar: a saitin Bacula, ku sa SpoolData = yes a Job (sashen aiki), ku ba Spool Directory (wurin tarawa) da Maximum Spool Size (iyakar girmansa) a Device (sashen diraif). Kada ku ɗora wurin tarawar a faifan da kundin bayanan Bacula yake.

Su kuwa biyun da suka tsaya a 2 TB ba cika suka yi ba. Bacula kan sa Full idan ya ci karo da kuskuren rubutu. Ku duba rahoton aikin ranar, sannan ku gudanar da umarnin tapeinfo -f a kan na'urar sg ta diraif (sunansa a Linux mai farawa da /dev/sg) ku ga ko TapeAlert, saƙon gargaɗin diraif, yana neman shara ne ko yana kuka da kaset. Kada ku mayar da su Append, wato matsayin ci gaba da rubutu a kansu, kafin ku san dalili.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To mu riƙa sa kaset ɗin shara duk mako?

Amsa ta uku:
A'a ɗan'uwa, sai diraif ya nema da kansa. Yawan shara na ƙara masa lalacewa. Kaset ɗin shara ɗaya yana yin sau 50, lambarsa tana farawa da CLN, don haka ku sa Cleaning Prefix = "CLN" a Pool (sashen rukunin kaset a saitin) kada Bacula ya ɗauke shi na rubutu. Lokacin hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba: a rufe ɗakin sosai, kaset ya zauna a kwalinsa, wanda aka shigo da shi daga zafi ya kwana awa 24 a ɗakin kafin a loda shi. Duk sanda kuka canja kaset da hannu, ku buga update slots a bconsole, wurin ba Bacula umarni.