Don Allah ku taimaka: so nake zsh ya loda module sai in na taɓa variable ɗinsa

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Laptop ɗin da nake aiki da ita yayana ne ya bar mini da zai tafi karatu, batirinta ya mutu, da an ɗauke wuta sai ta mutu ita ma. Ko da yaushe cikin sake buɗe terminal nake, kuma sai na zauna jira kafin in iya rubuta komai. Ga oga yana jiran aiki, wallahi abin ya dame ni. A saman .zshrc ɗina, wato fayil ɗin da zsh (shirin da ke karɓar umarni a terminal) ke karantawa a kowace buɗewa, akwai zmodload, umarnin loda module, na zsh/datetime da zsh/mapfile da wasu. Na lura $commands yana aiki ba tare da na loda komai ba, amma $EPOCHSECONDS fanko yake fitowa in ban loda ba. Ya zan yi su ma su riƙa zuwa da kansu? Haka nake so har da JAVA_HOME (variable mai nuna inda Java take) da nvm (mai sauya version ɗin Node).

Injiniya: Wa alaikumus salam. $commands daga zsh/parameter yake, tun asali zsh ya yi masa rajistar loda kansa. Ga naka: zmodload -ap zsh/datetime EPOCHSECONDS, sai zmodload -ap zsh/mapfile mapfile. In umarni ne kamar strftime, -ab za ka sa. Amma ƙanena, ba nan ciwonka yake ba. Waɗannan modules ƙanana ne, da C aka rubuta su, kafin ƙiftawar ido sun shiga. Sa zmodload zsh/zprof, mai auna abin da ke cin lokaci, a layin farko na .zshrc, zprof a na ƙarshe, ka turo mana sakamakon.

Maman Twins: Ku dai kun huta da kuke da zsh. Ni a wurin aikinmu tsohon bash ne a kan server, ko EPOCHSECONDS babu, don sai a bash 5.0 na 2019 aka sa shi. Na yi magana har na gaji, mai kula da server ɗin ya ce kada in taɓa masa komai.

Ɗan Koyo: Na gode Injiniya, -ap ya yi aiki. Amma jinkirin yana nan. Na gwada wa JAVA_HOME, ya ƙi.

Injiniya: Ai ba zai yi ba. JAVA_HOME ba na wani module ba ne. Kuma mai karanta shi wani shiri ne daban da ya gaji environment a lokacin da aka tashe shi. Shell bai ma san an karanta ba, balle ya loda wani abu. Ka export ɗinsa kawai, layi ɗaya ne, ba ya cin lokaci. Ina zprof ɗin?

Mai Kali: Ba sai an duba ba, nvm ne. Shi ba module ba ne, doguwar script ce da ake source a kowace buɗewa. Ka rubuta function mai suna node, wadda a kiran farko za ta goge kanta, ta source nvm.sh, sannan ta kira node na gaske.

Injiniya: Kada ka yi haka. Function a cikin shell ɗinka kaɗai take rayuwa. Duk script ko editor da ya nemi node a PATH ba zai same shi ba, gobe ka dawo kana kuka. Cire nvm, ka sa Node ɗaya.

Mai Kali: Ranka ya daɗe, ni haka nake aiki kuma lafiya lau. Ba kowa ke da sabuwar na'ura irin taka ba.

Ɗan Koyo: Ba zan iya cire nvm ba, ayyuka biyu nake riƙe da su, kowanne da Node ɗinsa. Kuma .zshrc ɗin nan yayana ne ya tsara, ya san abin da yake yi, ba na so in wargaza masa.

Maman Twins: Ka duba compinit ma, mai shirya cike umarni da maɓallin Tab, wasu sau biyu suke kiransa ba su sani ba. Da -C yana rage bincike. Ni dai wa zai nuna mini yadda zan shawo kan mutumin server ɗin nan?

Injiniya: Duk hasashe kuke yi. Ko time zsh -i -c exit ka buga mu ga daƙiƙa nawa ne.

Ɗan Koyo: An ɗauke wuta, da waya nake rubutu yanzu. Amma tsakani da Allah, babu wata hanyar da JAVA_HOME zai loda kansa?