Sai wanda ya taɓa so ne zai iya rubuta soyayya?

Auta (Garwa): Salamu alaikum. Na tura wa Yaya Ɗan Marwa babi uku na labarina ya duba min, sai ya ce ana gani an san ban taɓa soyayya ba, wai in ajiye biro sai na yi. Don Allah ku raba mu.

Ɗan Marwa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ban janye ba. Saurayin labarinki ya sauka daga jirgin Dubai, ya tsaya ƙofar gidan su yarinya da furanni a hannu. A wace unguwar Garwa ake haka? Wanda ya taɓa zuwa zance ya san yadda ake yi. Ka kafe babur, ka aiki yaro ya yi maka sallama da ita, ka ba shi sefa ɗari, ka tsaya sauro na cin ƙafarka, ita kuwa tana ciki tana ja maka rai. Can ƙanen babanta ya fito zai tafi masallaci, ka zube ƙasa kana gaisuwa, ka rasa inda za ka sa fuskarka. Ko ɗaya babu a babinki. Dubi Djaïli Amadou Amal, 'yar garinmu Marwa, an yi mata aure tana da shekara 17. Abin da ta sha shi ta zuba a littafinta Munyal a 2017, aka sake buga shi a Faransa da sunan Les Impatientes, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020. Da ba ta ɗanɗana ba, ina za ta samo shi?

Malam na Ngaundare: Ɗan Marwa, hujjar da ka kawo ai ita ce ta kayar da kai. Mata uku ne ke ba da labari a littafin nan, kowacce da bakinta, marubuciyar kuwa mutum ɗaya ce. Ta ukun uwargida ce wadda aka yi wa kishiya da ta farko a cikinsu. Da abin da ya same ta kaɗai ta rubuta, da uwargidan nan muguwa kawai za ta fito, ba za ka ji tausayinta ba. Amma ka ji. Wannan kunne ne ya ba ta, zama da mata da sauraronsu. In muka bi ƙa'idarka, namiji ba zai rubuta naƙuda ba, mai rai ba zai rubuta mutuwa ba.

Anti Tela (Garwa): Ni abin da ya ba ni dariya, wai a ce wa budurwa tana gaban iyayenta ta je ta yi soyayya tukuna. Kai za ka je ka yi wa babanta bayani?

Ɗan Marwa: Anti, a yi haƙuri, ba haka nake nufi ba. Malam kuma, Allah ya gafarta, kunne ba ya jin abin da zuciya ba ta taɓa sani ba. Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ma an aurar da ita tun tana ƙaramar yarinya, shi ya sa littattafanta suke da nauyi.

Malam na Ngaundare: Wannan auren dole ka lissafa har sau biyu, ba soyayya ba. Ka koma ka duba abin da ka ce wa Auta.

Baƙon Njamena: Ku bar ni in sa baki. Ni ina ganin wanda ke tsakiyar so shi ya fi kowa rubuta shirme. Ku karanta saƙonnin samari a waya: hasken idona, ba na ci ba na sha, ke ce numfashina. Da gaske suke ji, amma kalmomin na kowa ne. Ba ya ganin yarinyar, kansa yake gani. Sai abin ya huce, shekara ta zagayo, sannan zai tuna cewa ranar da ta ce ya turo magabatansa ba ta kalle shi ba, bakin mayafinta take murzawa. Tuwo ba ya malmaluwa yana kan wuta.

Anti Tela (Garwa): Duk kun bar babbar matsalar. Mu Hausawan nan na Kamaru ba mu da yawa, kowa ya san gidan kowa, daga Garwa har Kuseri dangi ne da surukai. Wata yarinya ta rubuta labarin tsohon saurayinta, suna kawai ta canza, ta bar masa sana'arsa da unguwarsa har da kalar babur. Labarin ya zaga wayoyin mata, ya kai ga gidan da yake neman aure. Sai da manya suka zauna. Ita ma har yau ana nuna ta a gidan biki. Don haka in za ki ɗebo daga rayuwarki, 'yata, ki ɗebi abin da kika ji a ranki, ki sauya gari, ki sauya sana'a, ki haɗa mutum uku su zama ɗaya. Labari kuwa, ki zo shago lokacin ɗinkin lefe. Amarya na gwada kaya tana murmushi, ƙawarta na gefe ta yi shiru, ke kin san akwai magana.

Auta (Garwa): In sha Allah zan zo ranar Asabar, Anti. Amma in na ji labarin wata a shagonki na rubuta, ba tona asirin ba ne shi ma? Sai na nemi izininta?

Malam na Ngaundare: In za a gane ta, dole ki nema.

Ɗan Marwa: In kin nema ba za ta yarda ba, in ta yarda kuma za ta ce ki cire daidai wurin da ya fi daɗi.

Anti Tela (Garwa): A shagona dai babu mai fito da littafin rubutu a gaban masu kawo min ɗinki. Ki zo da hannunki biyu, akwai maɓallan da za ki taya ni ɗaurawa.