Jikka talatin, ciki da falo: ta ina zan fara?

Maman Nana, unguwar Zariya, Maraɗi: Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata biyu ke nan da muka tare a gidan haya, ciki da falo. Bangon ya yi dauɗa, daga ƙasa fentin yana ɓarewa, simintin ƙasa ya tsattsage, labule kuwa babu, zanena na rataya a ƙofa. Abin da na iya warewa jikka talatin ne, wato sefa dubu talatin, Baban Nana ya ce ba zai iya ƙarawa ba sai bayan kaka. Ga dangin miji za su zo daga Tasawa ganin ɗaki. Wata ta ce in ɗauki kujeru bashi in riƙa biya duk wata. Don Allah ku ba ni shawara.

Inna ta Bagalam: Wa alaikumus salam ƴata. Kada ki ci bashin kujeru. Kujera sabuwa jingine da bango mai ɓarewa, bangon ido zai fara gani. Ki fara da bango, sannan ƙasa, sauran su biyo baya. Gobe da asuba ki ɗora tafin hannunki a gindin bangon, wajen da yake ɓarewa. In kin ji sanyi ko danshi, ki gaya mana kafin ki sayi komai.

Maman Nana, Zariya: Inna, na taɓa bangon yanzu. Bangon da ke wajen makewayi yana da sanyi, har wani farin gari kamar gishiri yake fitarwa. Sauran uku a bushe suke.

Mai fenti, Mokoyo: Hajiya, wannan farin garin da kika gani gishirin ƙasa ne. Ruwa ke hawowa ta cikin bulo, ya bushe, ya bar shi a fuskar bango, shi ne ke ture fenti. In kika shafa fentin mai a wurin kin rufe wa danshin hanya, kafin damina ta zagayo zai kumbura ya zube. Na sha ganin haka. Wannan bangon farar ƙasa yake so, domin ita tana barin bango ya sha iska.

Ga yadda za ki yi da hannunki. Ki kankare duk abin da ya ɓare, ki goge da busasshen buroshi, kada ki wanke da ruwa don gishirin zai narke ya koma ciki. Tsagar da ke jiki ki cike da siminti da yashi mai laushi, ki bari ya kwana biyu. Ki jiƙa farar ƙasa tun dare, da safe ki tace ta da tsohon gidan sauro. Ki dama ta da ruwa-ruwa kamar madara, kada ta yi kauri kamar kunu, mai kauri ita ce ke tsagewa. Ki jiƙa ƙaro ya narke ki zuba kaɗan, shi ne ke rage kama tufafin mutane in sun jingina. Ɗan bula kaɗan yana ƙara mata haske. Shafi biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba. In kin shafa za ki ga kamar ba ki yi komai ba, kada ranki ya ɓaci, sai ta bushe take yin fari. Kuma tana cin hannu, tana da haɗari ga ido, ki sa safar hannu ko leda, ki fitar da Nana waje.

Sannan ki sa a duba bayan bangon. In ruwan wanka ne ke kwanciya a gindinsa, sai an yi masa hanya, in ba haka ba aikin zai koma baya.

Yaya Babba, Sabon Gari: Ki fara sanar da mai gidan tukuna, ƙanwata. Ni na yi wa wani gida shafe da kuɗina, shekara na cika mai gidan ya ƙara mini haya wai gida ya yi kyau. Har yau abin yana yi mini ciwo. Ku yi magana gaban shaida, ko ya cire kuɗin gyaran daga haya, ko ya yi alkawarin ba ƙari. Hanyar ruwan nan ma haƙƙinsa ne.

Amarya, Ali Ɗan Sofo: Ni dai Inna ki yi haƙuri, ban yarda da ke duka ba. Dangin miji in sun shigo falo ba kujera, magana za ta koma gida. Ba na cewa ta ci bashi, amma ta shiga adashi, in ta kwasa ta sayi ko da gwanjo ne.

Inna ta Bagalam: Adashi ba laifi, ƴata, amma baƙin sun kusa zuwa, kwasa kuwa sai layi ya zo kanta. Mu da aka kai mu ɗaki, daɓe aka yi mana da makuba, ɓawon ɗorawa ake jiƙawa a yayyafa ruwan, mata su taru da madaɓi suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi santsi ta yi ja. A kai muka shimfiɗa tabarma muka karɓi surukai, ba wanda ya raina mu. Mutanen Tasawa sun san tabarma. Abin da za su duba shi ne tsabta, da ƙamshin ɗaki, da ruwan da aka tarbe su da shi.

Maman Biyu, Ɗan Gulbi: Akwai hanya tsakanin maganarku biyu, ita na bi. Ina da tsohuwar katifa da ta lotsa a tsakiya. Na sa aka yanka ta gida uku, na kai wa tela ya ɗinka mata riguna da zif don in riƙa cirewa ina wankewa. Na jera su jikin bango, na yi matasan jingina da ƙyallayen da tela ke zubarwa, ya ba ni buhu guda kyauta, na yayyanka ƙanana na cusa. Yanzu falona zaman ƙasa ne, kuma duk wadda ta shigo sai ta tambayi inda na saya. Abin da na koya: ki tsaya kan launi biyu. Na fara da atamfa kala-kala, ɗakin ya zama kamar rumfar mai yadi, sai da na sake. In bango fari ne, ki zaɓi launi ɗaya mai duhu da ba ya nuna dauɗa, da ɗaya mai haske.

In kuɗi ya ragu ki leƙa wajen dukawa ki sayi fatar tim-tim ko guda ɗaya, wadda ba a cusa ba ta fi araha, ki cika ta da tsofaffin tufafi. Garin jar akuya muke, mutane daga nesa suke zuwa neman fatarmu, mu kuma muna wuce ta mu sayi roba.

Amarya, Ali Ɗan Sofo: To wannan na yarda da shi, Maman Biyu. Amma surukin da ke da ciwon gwiwa fa? A nemi kujerar roba biyu a ajiye saboda tsofaffi.

Maman Biyu, Ɗan Gulbi: Gaskiyarki.

Tela, Babbar Kasuwa: Maganar labule. Kada ki sayi ɗinkakke, ki auna taga ki sayi yadi. Faɗin yadin ya kai ɗaya da rabi na faɗin tagar don ya yi tattara, in daidai da taga kika yanka zai tsaya kamar zanen shanya. Ki jiƙa shi ya bushe kafin ɗinki, auduga tana shiga a wankin farko. Sandar rataya kuwa, bututun ruwa na roba ya isa ga ƙaramar taga, ƙofa ce ke son ƙarfe. Ki kafa shi sama da taga da kamar taƙi ɗaya, ɗaki zai yi kamar ya ƙara tsawo. Mai nauyi da leshi ki bar shi, hunturu na zuwa, duk sati za ki so wankewa.

Yaya Babba, Sabon Gari: Ƙasa kuma, kada ki shimfiɗa leda a gefen da ke da danshi. Gumi take yi daga ƙasa, ta yi wari, ta ruɓe. Kafet ma ƙura yake tarawa. Ki cike tsagar siminti, ki sa tabarmar kaba mai kyau, irin wadda ake kawowa daga wajen Mayahi. Ki ɗaga ta ki kaɗe, ki shanya a rana, shi ke nan.

Kafinta, Burja: Zan ƙara da maganar gara tunda akwai danshi. In za ki yi kanta ta jeren kwanuka da guntayen katako, kada katako ya taɓa ƙasa ko ya manne da wancan bangon. Ki ɗora shi kan bulo, ki bar tazarar yatsu huɗu ta baya don ki riƙa ganin in ta fara gini. Wasu na shafa baƙin mai na mota, ni ba na ba da shawararsa a ɗakin da yara ke kwana, warinsa ba ya fita. Guntayen katako kuwa kowane kafinta yana da su, ki je da awonki a rubuce, ki nemi takardar goge katako ki goge da kanki.

Maman Biyu, Ɗan Gulbi: Na manta adon bango. Faifai biyar ko bakwai masu launi, manya da ƙanana, ki tara su wuri ɗaya a bangon da ke kallon ƙofa, kada ki warwatsa su. Ƙusa ƙarama ta ishe su. Madubi ki sa shi inda zai kalli taga, hasken ɗaki zai ƙaru. Ƙanena kuma ya yanka mini zane a jikin kwali, irin na gidajen Birni a Damagaram, muka ɗora a bango muka riƙa dangwala kala da soso, layi ɗaya kewaye da ƙofa. Ki gwada a bayan ƙofa tukuna, sosona na farko ya jiƙe da yawa kalar ta zubo.

Inna ta Bagalam: Ki sa randa a bakin ƙofa daga inuwa, ki rufe da faifai, ki ɗora moɗa mai tsabta. In za ki dasa wani abu a tsofaffin gwangwanaye, ki huda gindinsu, ruwan da ya kwanta gidan sauro ne. Kuma ki ajiye kuɗin turaren wuta, kada ki kashe duka a kan yadi.

Maman Nana, Zariya: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baban Nana ya yi magana da mai gidan, ya yarda zai gyara hanyar ruwa, shafe kuma namu ne, ba ƙarin haya bana. Na kankare bango biyu yau, hannuna har ya yi kanta. Katifar ɗakin ƙanwata ma na karɓo. Malam mai fenti, ƙaron nan kamar yaya zan zuba a bokiti ɗaya? Kuma in jira bangon makewayi ya bushe, ko in haɗa duka in shafa?

Mai fenti, Mokoyo: Cikin tafin hannu ɗaya ya isa bokiti, in ya yi yawa shafen zai riƙa ɓamɓarewa. Ki shafa ukun nan yanzu. Na huɗun ki bar shi a kankare, taga a buɗe, sai an gyara hanyar ruwa kuma kin taɓa da asuba kin ji ba sanyi.