Tallar turaren wuta a Facebook: saƙo na shigowa, ciniki babu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a, ina neman shawararku.

Tallar turaren wuta da humra ce na saka ta Ads Manager (manhajar saka talla a Facebook), wadda in an danna take kai mutum WhatsApp Business kai tsaye. Mata na zaɓa, 'yan shekara 20 zuwa 45, kilomita 25 kewayen birnin Kano, naira 3,000 a rana banda harajin VAT na kashi 7.5 da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ke ɗorawa. Bidiyon na daƙiƙa 15 ne, kasko na hayaƙi, kwalabe jere a baya.

Saƙo kam yana shigowa. Amma akasarinsu rubutaccen saƙon nan ne da manhajar ke cikewa da kanta, mutum ya danna kawai ya wuce. Ka amsa da farashi da hoton katalog, shiru kake ji. Zargina shi ne tunda na ce wa Ads Manager saƙo nake so, masu saurin dannawa yake kawo mini, ko ba su da niyyar saye.

Ga inda na maƙale. Duk gyaran da aka yi wa hoto ko masu kallo yana mayar da tallar matakin koyo (lokacin da Facebook ke gwada waɗanda suka fi dacewa a nuna wa tallar) daga farko, kuma tana buƙatar sakamako kusan 50 cikin mako ɗaya kafin ta daidaita. To in rubuta farashi a jikin bidiyon don ya tace 'yan kallo, ko in bar wannan in buɗe sabuwa a gefe? Kuma cire Audience Network (manhajojin wasu kamfanoni da Meta ke nuna talla a cikinsu) daga wuraren nunawa yana rage dannawar kuskure da gaske? Wanda ya gwada da kaya na ƙasa da naira 10,000, don Allah ya taimaka.